Yadda Muka Rushe Shaidunmu a Aikin Hanyar Jirgi

Tun da muka dawo daga aikin hanyar jirgi ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tare ni, a kasuwar Kiyawa a tare ni, har a wurin zaman makoki an taɓa jana gefe ana tambayata wai da gaske ne jirgin wuta yake ci. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji daga gare ni sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya wani ya ba ni labarina da kaina, a ciki har na yi kokawa da Bature. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Amma in gaya muku tun yanzu, mai son labarin jirgi ba zai ƙoshi ba, don sau ɗaya tak na gan shi. Abin da na yi wata biyu ina kallo ƙasa ce.

Sanyi ya wuce ke nan saƙo ya zo daga Dutse, ana son mutum talatin daga garinmu da ƙauyukan da ke bin sa. Babu wanda ya yi murna. Mai gari ya zauna ya tsamo mutane gida gida, sannan ya ce ni ne helima, wato shugaban ayarin, saboda na iya rubuta sunaye da ajami. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ka san gidanmu ni kaɗai ne namiji. Inna ta tsufa, mai ɗakina da goyo. In ruwan shuka ya sauka ba na nan, bana ba mu da gero."

Ya ce, "Habu, kowa da irin tasa. An ce aikin a yanke yake, kowane ayari da rabonsa, ranar da kuka gama ranar za a sallame ku. Ku sa ƙwazo ku dawo kafin ruwa." Da wannan magana muka tafi, kuma ita muka riƙa maimaita wa juna a hanya. Rabin mutanena halinsu ɗaya da nawa, in ba su dawo sun shuka ba babu mai shuka musu.

Babbanmu a shekaru shi ne Baffa Sale, ƙanin mahaifina. Ba shi aka zaɓa ba, ɗansa aka zaɓa, amma ɗan yana kwance da kurkunu sai Baffa ya ɗauki tabarmarsa ya shiga layi. Duk wanda ya san shi ya san gonarsa. Mutum ne da in ya hango ciyawa ɗaya a kunyar maƙwabci sai ya tsallaka ya cire, sannan ya je har gida ya gaya wa mai gonar. A kan iyakar gona kuwa ya taɓa shekara bai yi magana da surukinsa ba. Ku riƙe wannan halin nasa, don kusan duk abin da ya same mu daga nan ya fito.

Kowa ya ɗaure garin gero da ƙuli-ƙuli da ɗan dabino, ga gora, ga tabarma. Aka haɗa mu da wani dogari daga Dutse wanda aikinsa kawai ya ƙirga mu, safe da yamma. A Gaya, inda zai miƙa mu ga dogarin can, ya ƙirga ya sami talatin da ɗaya. Ya sake, talatin da ɗaya. Hankalinsa ya tashi fiye da a ce ɗaya ne ya ɓace, har ya fara rantse-rantse. Ashe wani mai tallan goro ne ya bi mu tun safe don tsoron hanya, ya ga an yi layi shi ma ya shiga. Da ya ji inda za a kai mu bai tsaya ko sallama ba.

Kogin Wudil a lokacin ruwansa iya gwiwa ne, masu fito suna zaune a kan jiragensu suna hararar mu muna tsallakewa kyauta. Ɗaya ya ce mu bi ta dama. Baffa ya ce shi bai yarda da shawarar mutumin da aka hana ciniki ba, ya bi ta hagu, ya faɗa rami har wuya da jakar garinsa a ka. Garin ya jiƙe sharkaf. Dole muka taru muka cinye guzurin wata guda a kwana biyu, Baffa yana zaune yana kallon kowace loma.

A Kano bayan ganuwa aka sauke mu, a wani zangon fatake. Da yawa cikinmu ranar suka fara ganin birnin. Ni abin da ya fi tsaya mini ba ganuwar ba ce, ruwa ne. Na yi sallama a bakin wata rumfa na roƙi ruwan sha, mai rumfar ya nuna mini wani mai tulu ya ce in saya. A garinmu wanda ya sayar wa baƙo ruwa sai dai ya yi ƙaura. Maganar hanyar jirgi kuwa kowa da tasa. Masu fata da auduga suna ɗoki, masu jakai da raƙuma suna tsaki. Wani tsoho ya ce mana an gaya wa Turawa su tsayar da abinsu a wajen gari, kada su kuskura su fasa ganuwa.

Daga Kano muka yi kudu, muka tsallake kogin Challawa, muka ƙara yini guda. Sai ga sansani, bukkoki jere har iya ganinka. Ba a ba mu masauki ba, an nuna mana fili da ciyawa aka ce mu yi namu. A nan na ga mutane iri-iri. Ga Nufawa, ga Yarbawa, ga Gwarawa da ba sa ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa, wai kai ya fi ƙarfin ɗaukar kaya. Mun yi musu dariya kwana biyu, sannan wuyanmu ya fara ciwo muka daina. Abinci mata ke sayarwa, tuwon dawa da miyar kuka irin ta gida sai dai ruwa ya yi yawa. Akwai kuma garin rogo da mutanen kudu suka kawo. Wani cikinmu ya ɗauka irin garin gero ne, ya afa ƙoƙo guda a bushe ya bi da ruwa. Ranar bai yi aiki ba, yana kwance yana riƙe da ciki yana yafe wa kowa.

Mutum uku ne ke da iko da mu. Na sama Bature ne dogo siriri, leburori suna ce masa Mai Sarƙa, don da wata doguwar sarƙar ƙarfe yake auna komai. Sai akawunsa, mutumin Ikko, mai wando da malafa, Hausarsa ba ta wuce zo da tafi ba. Sai tafinta, Malam Ndagi, Banufe, mai fara'a, wanda ya biyo hanyar tun daga bakin kogin Kwara. Shi ya fahimtar da ni yadda aikin yake tafiya. Masu sare daji ne a gaba, sai masu kafa turaku, sai mu masu tara ƙasa, a bayanmu masu daidaitawa da masu gada, can ƙarshe masu shimfiɗa dogo, wato ƙarfen da jirgi ke bi. Kowa yana kora na gabansa. In ayari ɗaya ya makara, duk na baya sai su tsaya, abincinsu da ladansu kuwa ba sa tsayawa. Usur ke tayar da mu, usur ke sallamarmu, hutu kuma ranar Lahadi. Juma'a sai dai mu saci jiki.

Ranar farko akawu ya kai mu wurinmu. Ya nuna manyan turaku biyu, tsakaninsu kamar jifa uku, ya ce a nan za mu riƙa zuba ƙasa. Ƙasar kuwa daga wani fili a gefe za mu haƙo ta, kamar yadda ake kududdufi in za a yi gini. Aka raba mana diga da shebur da kwanon sarki. A cikin filin akawu ya kafa ƙananan turaku takwas nan da can. Malam Ndagi ya ce, "Ya ce ku haƙa ko'ina, ban da gindin waɗannan. Ku kewaye su, ku bar ƙasar da ke ƙarƙashinsu a tsaye."

Na ce to. Ban tambayi dalili ba. A gida in na gaba ya ce yi kaza ba a ce masa don me, ni kuma ban so a ga helima bai gane magana ba. Na ɗauka wani tsari ne na haƙa, a bar su sai ƙarshe. Haka na gaya wa mutanena, kuma wannan laifina ne ni kaɗai.

Muka duƙufa. Ban taɓa ganin mutane suna aiki haka ba, ko a gayyar suruki. Maƙwabtanmu mutanen Rano ne, su ba ruwansu, inda kwano ya yi musu nauyi nan suke juyewa, ko a tsakanin turakunsu ko a namu. Baffa ya ce allambaram. Ya ja layi da diga daga turke zuwa ƙasa, ya jera duwatsu, ya ce wannan iyaka ce. Sau uku ana raba shi da helimansu. Helimansu ya ce, "Baba, hanyar gwamna ce fa, ba gadonka ba." Baffa ya ce ko ta wace ce, nan dai gurinsa ne har ya tafi. Daga ƙarshe suka gaji suka ƙyale mu, namu ba ya shiga nasu, nasu ba ya shiga namu. Ni a lokacin kunya ce ta ishe ni, har na roƙe shi ya rage.

Wata Lahadi Malam Ndagi ya ja mu muka yi tafiyar hantsi zuwa inda dogo ya tsaya, don mu ga abin da muke wa wahala. Ga amsarku, masu tambaya. Jirgin baƙi ne, ya fi rumbu biyu tsawo, itace da ruwa ake ba shi, yana huci ko yana tsaye. Da ya yi kuka mutum goma cikinmu suka shige daji. Baffa bai gudu ba, amma na ga leɓensa yana motsi. A hanyar dawowa na tambayi Malam Ndagi wa ke biyan wannan duka, don kowace Asabar ana jera mu a ba kowa ladansa a hannunsa, sulalla ba wuri ba, kuma mu nawa ne daga nan har Kwara.

Ya ce, "Ni ma ji na yi. Wai a ƙasarsu suka ranto, sannan ana ɗiba daga abin da ake karɓa a kan kayan da ke shigowa ta teku. In hanya ta ƙaru ita za ta biya kanta, ta kwashi auduga da fata da gyaɗa. Harajinku ma da sulallan nan za a riƙa karɓa, shi ya sa ake sa muku su a hannu."

Baffa ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Wato mu haƙa, mu noma abin da zai ɗauka, sannan mu mai da musu kuɗinsu." Malam Ndagi ya yi dariya ya ce shi dai tafinta ne.

Mako bakwai muka yi. Rami ya yi zurfi ya kai ƙirji, ginshiƙan nan takwas suna tsaye a ciki kamar suri, kowane da turkensa da 'yar busasshiyar ciyawa a ka. Zafi ya tsananta, iska ta juya, aka fara ganin shamuwa a kan bishiyoyi. Ranar Asabar akawu ya leƙa ya gyaɗa kai, Malam Ndagi ya ce Litinin Mai Sarƙa zai zo ya auna, in ya cika mu kama hanya. Mutanena har da rawa.

Lahadi da safe, sansani ya watse, wasu kasuwa wasu wanki a rafi. Baffa ya tsaya a bakin ramin ya riƙe ƙugu. Ya ce, "Habu, yanzu babban mutum zai zo ganin aikinmu gobe, a haka? Da kututturan nan a tsaye kamar gonar rago?"

Na ce, "Baffa, an ce a bar su."

Ya ce, "An ce a bar su ana haƙa. Yanzu ai an gama. Ka taɓa ganin an tashi daga gayya an bar tsibi a tsakiyar gona? Dubi na mutanen Rano, su dai ba su da kunya. Mu ba za a ce mutanen Dutse sun yi aiki rabi da rabi ba."

Wallahi maganar ta shige ni, don ni ma sun daɗe suna tsone mini ido. Muka ba da ranar hutunmu, muka rushe su duka takwas, muka kwashe ƙasar muka kai kan tudun da muke tarawa. Baffa ya sa aka yanko reshe aka share ramin tas, har ka yi shanya a ciki. Muka wanke riguna muka kwanta da farin ciki.

Litinin muka jeru a bakin rami. Akawu ne ya fara isowa. Ya tsaya, ya cire malafa, ya ɗora hannu biyu a ka. Na ɗauka kyan aikin ne ya burge shi. Malam Ndagi ya leƙa, fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "Helima, ina shaidun?"

Na ce, "Waɗanne shaidu, Malam?"

A nan na ji abin da ya kamata in tambaya tun mako bakwai da suka wuce. Ba tudu ake aunawa ba, rami ake aunawa. Ginshiƙan nan su ke nuna inda fuskar ƙasa take kafin a fara haƙa, shi ya sa ake barin ciyawar a kansu. Daga kansu zuwa gindi ake sanin zurfi. In babu su, wa ya san ko dama kwari ne a tsakiyar filin? An sha yi musu wannan wayon a baya, don haka doka ta ce ramin da ba shi da shaida ba a auna shi, sai dai a ba ayari sabon fili. Mai Sarƙa ya iso, ya duba, ya faɗi kalma uku ko huɗu, ya wuce wurin mutanen Rano. Ba fushi ya yi ba. Da ma ya yi fushin, da na san ta inda zan fara ba da haƙuri.

Sabon fili, mako bakwai ke nan kuma. Kafin nan an gama shuka, an yi noman farko. Na zauna a ƙasa. Abin da na gani a idona gonata ce ta cika da ciyawa, Inna tana bin gidaje da ƙwarya.

Ranar babu wanda ya taɓa diga. Bayan la'asar muka taru a inuwar bukka, wasu suka ce a gudu kawai. Na ce in muka gudu sunayenmu suna rubuce, da hannuna ma na rubuta, mai gari za a kama, sannan a bi mu gida gida a tsakiyar damina. Wasu suka fara jifan Baffa da magana. Shi kuwa yana gefe ya sunkuyar da kai, ko ruwa bai sha ba tun safe. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai tausayinsa ya kama ni. Na miƙe na ce kowa ya ji, ni aka gaya wa, ni ne ban tambaya ba, mai zagi ya zage ni. Ba su zage ni ba, amma ba wanda ya ce ba komai.

Malam Ndagi ya ce akawu ba shi da ikon sauya doka, sai Baturen. Ya yarda zai kai mu da safe, ni da Baffa. Da ya gan mu da kaji biyu da ragowar dabinonmu a ƙwarya, ya ce, "Ku ajiye wannan. Ba a kai masa." Baffa ya ce shi bai taɓa zuwa gaban mai mulki hannu sake ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba.

Muka same shi a bakin tantinsa yana cin abinci da ƙarfe. Muka cire takalma muka durƙusa, na tura kajin gaba. Fuskarsa ta yi ja, ya yi magana da ƙarfi. Malam Ndagi ya ce, "Ya ce sayen sa kuka zo yi? Ku kwashe kafin ya ƙara muku wani filin." Garin janyewa igiya ta kwance, kaza ɗaya ta shige tantin, kukunsa ya bi ta da ludayi. Na ce shi ke nan, mun ƙarasa kanmu.

Ana cikin haka Baffa ya gyara durƙuso. Ya ce, "Malam, gaya mai ni na sa aka rushe su, ba yaran nan ba. A gurinmu in babba zai zo ganin aiki ba a barin kututture, girmama shi muka yi. Amma ka tambaye shi, ƙasar nan cinye ta muka yi? Tana can a tare tsakanin turakunmu biyu. Kwano ɗaya na wani bai shiga ba, namu bai fita ba. A kira mutanen Rano, sau uku muna faɗa da su a kai. In rami ya ƙi aunuwa, ya auna tudun mana."

Malam Ndagi ya juya maganar. Baturen ya ajiye ƙarfensa ya daɗe yana kallon Baffa. Sannan ya tambaya, saurin me muke yi haka, alhali ana biyanmu. Baffa ya ɗaga hannu ya nuna gabas, inda gajimare ya fara taruwa. Ya ce, "Shuka." Baturen ya juya shi ma ya kalli wajen, ya daɗe. Daga baya Malam Ndagi ya gaya mini ai shi ya fi mu tsoron ruwan, don in ya sauka bai gama tudunsa ba rafuka za su kwashe, masu dogo su tsaya, ga na sama da shi suna aiko masa takarda kowane mako.

Ya tashi ya ɗauki sarƙarsa da kansa. Aka kira heliman Rano, ni ban sa rai ba, don na san irin maganganun da Baffa ya gaya masa. Mutumin nan ya kalli Baffa, ya kalli layin duwatsun, ya ce, "Gaskiya ne. Tsohon nan ko tsakuwa bai bari mun zuba ba." Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Tun hantsi ake jan sarƙa har rana ta take. Akawu yana rubutu, mu muna tsaye muna kallo. Daga ƙarshe Malam Ndagi ya ce an karɓa, amma da ragi. Ƙasar da aka haƙo aka zuba tana kumbura, kamar garin da aka tankaɗe ya fi wanda aka danna cika mudu, don haka ba za a ba mu ita cif ba. Sai mun ƙara aikin kwana shida a ɗan ƙaramin fili, da shaidunsa. Kwana shida a maimakon mako bakwai. Wani cikinmu ya fashe da kuka, ni ma ban yi nisa da hakan ba.

A kwana huɗu muka gama. Muna kiɗa kwanon sarki muna waƙar noma, har mutanen Rano biyar suka shigo mana ranar ƙarshe. Ginshiƙai uku aka ce mu bari, muka bar su. Baffa ya riƙa haƙa yana ba su baya, ya ce shi dai har ga Allah aikin bai yi kyau ba.

Da aka sallame mu ba mu shiga Kano ba, ta gefe muka yanke. A Wudil ruwa ya ƙaru ya yi ja, wannan karon sai da muka biya masu fito, suna ta yi wa Baffa sannu da zuwa. A ɗaya gaɓar muka gamu da masu jakai daga gabas, ƙafafun jakunan duk taɓo. Na tambaye su daga ina. Suka ce daga Gaya, jiya da yamma an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, an ce har Dutse, kowa yana gona. Ba wanda ya ce a tashi, gani kawai na yi kowa ya ɗora kayansa. Kun san ƙasarmu, jigawa ce, in ta sha ruwa kwana uku ne ko huɗu ta bushe, wanda ya makara sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba.

Abin da muka yi a kwana biyu da rabi da zuwa, a kwana biyu ba cikakku ba muka yi shi. Baffa ƙafarsa ta fashe, ya ɗaure da tsumma ya ƙi a rage sauri. Da hantsin rana ta uku da yin ruwa muka hango duwatsun Dutse. A nan dogari ya tare mu, ya ce sauran su wuce, amma helima sai ya tsaya ya kai sunaye ƙofar hakimi. Na roƙe shi in dawo jibi, ya ce ba shi ya ce ba. Ina kallo mutanena suka bi hanyar Kiyawa da sassarfa.

Na zauna a ƙofar nan tun hantsi har bayan azahar. Rana tana dukan ƙasa, ina ganin damshin gindin katanga yana ja da baya. Ban taɓa jin haushin zama irin na ranar ba. Da aka kira ni abin bai fi shan ruwa ba, aka karanta sunaye talatin, aka ce madalla, tafi. Na fita da gudu, babba da ni.

Ban bi ta gida ba, gona na nufa, ina lissafin ko kwata na samu na shuka kafin duhu ai an rage. La'asar ta yi sanyi na iso. Tun daga nesa na hango mutane a ciki, har na ɗauka ɓatan hanya na yi. Mutum goma sha ɗaya ne daga ayarinmu, wasu ko rigar tafiya ba su cire ba, suna jere da sungumi suna sara, na baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kowa ya ɗan taɓa tasa da rana, sannan suka bar wa yara da mata suka taho tawa. Inna tana zaune a gindin kuka da ƙwaryar iri a cinya. Sun ci fiye da rabin gonar.

Na durƙusa na tura hannu cikin ƙasa. Sama ta bushe, amma da yatsuna suka nutse na ji sanyi. A nan hawayen da nake riƙewa tun sansani suka zubo, ban ma iya gaishe da Inna ba.

Baffa ya ɗingiso da ƙafarsa mai tsumma ya miƙo mini ƙoƙon iri. Ya ce, "Tashi, Habu, rana na faɗuwa. Ka bi bayana, kuma ka rufe da kyau, zan dawo in duba."

Ana kiran magariba muka rufe ramin ƙarshe. Furar da ake dama muku in kun zo gidana jin labari, ta geron nan ce.